Naomi Alderman: Marubuciyar da ta ari jarumin talabijin

Idan shirin talabijin ya samu karɓuwa a Ingila ko Amurka, masu shi kan ɗauki marubuta su tsara sababbin littattafai da jarumansa. Wasu na ganin wannan aikin ƙwadago ne kawai, amma tarihin Naomi Alderman ya nuna akasin haka.

An haife ta a Landan a 1974, cikin iyalin Yahudawa masu riƙo da addini. Littafinta na farko, Disobedience (2006), labarin 'yar wani malamin Yahudawa ne da ta koma unguwarsu bayan rasuwar mahaifinta.

A 2011 ta rubuta Borrowed Time, bisa Doctor Who, shirin ƙagaggun labaran kimiyya da BBC ta fara a 1963. A irin wannan aiki, marubuci ba shi da ikon kashe jarumi ko sauya halinsa. Don haka ta zuba hikimarta a jigo: ma'aikatan banki suna cin bashin lokaci, ana cire ruwan bashin daga kwanakin rayuwarsu.

Littafinta The Power ya lashe kyautar Baileys ta marubuta mata a 2017. A 2023 kuma Amazon ya mayar da shi shirin talabijin.