Ɗan Buea a Kan Dusar Ƙanƙara: Darasi ga 'Ya'yanmu da ke Ƙasashen Sanyi

Mu mutanen Duwala, daga New Bell har zuwa Makepe, ruwan sama muka sani da zafi da gumi. Ko hunturun da iyayenmu suka baro a Kano da Garwa ba ya isowa bakin teku da ƙarfinsa, balle a yi zancen dusar ƙanƙara. To amma ga shi yau 'ya'yanmu da ƙannenmu sun watsu a Faransa da Jamus da Kanada, wasu karatu, wasu neman abinci, kuma kukan da muke ji daga bakinsu iri ɗaya ne: da zarar watan Disamba ya kama sai mutum ya kulle kansa a ɗaki wata uku ko huɗu, ba motsa jiki, ba ganin jama'a, har kaɗaici ya fara taɓa masa lafiya. Ga waɗannan muke son kawo labarin wani ɗan ƙasarmu da ya ƙi yarda sanyi ya tsare shi.

Sunansa Isaac Menyoli, mutumin Buea, garin nan da ke gindin Dutsen Kamaru, tafiyar kamar kilomita 70 daga nan Duwala. Ya tafi Amurka ya yi karatun zanen gine-gine, ya zauna a jihar Wisconsin, inda sanyi ba ya wasa. A can ne, yana babban mutum, ya fara koyon wasan zamiya na dogon zango a kan dusar ƙanƙara, wanda Faransawa ke kira ski de fond. A shekarar 2002 ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a birnin Salt Lake City, shi kaɗai ya wakilci Kamaru, kuma shi ne ɗan ƙasarmu na farko da ya taɓa shiga wannan gasa. Bai ci lambar komai ba, hasali ma cikin na baya-baya ya ƙare. Sai dai shi dama ba lamba ta kai shi ba. Ya faɗa wa manema labarai cewa ya zo ne don a juyo da kyamara wajensa, ya samu damar gaya wa mutanen gida cewa cutar sida, wato ƙanjamau, gaskiya ce, tana kashe matasa, a daina musun ta.

Kafin shi, a 1998 a Nagano ta ƙasar Japan, wani ɗan tseren Kenya mai suna Philip Boit, wanda sai a ƙasar Finland ya koyi wasan, ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10. Zakaran ranar, Bjorn Daehlie ɗan ƙasar Norwe, bai tafi karɓar lambarsa ba, ya tsaya a bakin layi har Boit ya iso, ya rungume shi. Da Boit ya samu ɗa namiji, sai ya raɗa masa suna Daehlie. A 2022 kuma Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya riƙe tutar Najeriya a wannan wasa a birnin Beijin.

To wane irin wasa ne wannan? Kada a haɗa shi da wanda muke gani a talabijin ana gangarowa daga kan tsauni kamar iska. Wancan yana buƙatar kuɗin hawan keken igiya da kaya masu tsada. Wannan kuwa tafiya ce, asalinsa ma ba wasa ba ne. Mutanen arewacin Turai da shi suke zuwa farauta da kasuwa, makiyayansu 'yan ƙabilar Sami da shi suke bin garkensu, kamar yadda Bafillace ke bin shanu da sanda a tudun Adamawa. Daga baya aka mai da shi gasa, kuma tun 1922 ake yin tseren Vasaloppet a ƙasar Suwidin, mai tsawon kilomita 90.

Kayan aikinsa uku ne: katako biyu dogaye sirara marasa nauyi, sanduna biyu masu kai wa mutum wajen hammata, da takalmi wanda bakinsa kaɗai ake maƙalawa a jikin katakon, diddige yana sake. A ƙarƙashin katakon, daidai tsakiya, akwai kaushi kamar ɓawon kifi, ko kuma a shafa wani irin kakin zuma, don in ka taka ya kama ƙanƙara, in ka tura ya zame gaba. Akan zana wa masu koyo layi biyu a kan hanya kamar na jirgin ƙasa, ka sa ƙafa ɗaya a kowane layi, kana tafiya kana dogarawa, hannun dama tare da ƙafar hagu.

Waɗanda suka gwada daga cikinmu a lokacin hutun sanyi sun yi ittifaki a kan abu uku. Na farko, faɗuwa dole ce, musamman a ɗan gangare na farko, sai dai faɗuwa a kan dusa ba kamar faɗuwa daga kan bensikin ba ce a kwaltar Ndokoti. Tashin ne ma ya fi wuya, sai ka tattaro ƙafafu, ka durƙusa, sannan ka miƙe. Na biyu, abin mamaki, ba sanyi ke damun mai koyo ba, gumi ne. Duk wanda ya jibga babbar rigar sanyi, kafin minti 15 zai jiƙe sharkaf, in ya tsaya hutawa kuma sanyin ya kama shi. Dabarar ita ce riguna marasa kauri biyu ko uku, a cire ɗaya in jiki ya ɗumama, a guji auduga a jikin fata domin tana riƙe gumi, a rufe kunne da yatsu, a riƙe ruwan sha ko shayi. Na uku, washegari za ka ji ciwo a wuraren da ba ka san akwai su a jikinka ba, domin wasan yana aiki da ƙafa da hannu da baya da huhu gaba ɗaya.

Ba sai mutum ya sayi komai ba. A Faransa, tsaunukan Jura da Vosges suna da hanyoyi masu sauƙi da shagunan hayar kaya na yini guda. A Kanada kuwa har cikin birnin Montreal akwai hanyoyin a manyan lambuna. Shawarar dai ita ce a ɗauki malami a ranar farko, a fara da fili shimfiɗaɗɗe, kilomita 2 ko 3 sun isa, kuma kada a tafi shi kaɗai, domin rana tana faɗuwa da wuri a lokacin.

Hausawa ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu da suka kafa unguwa a New Bell, daga ƙasar rairayi suka fito, suka ratsa daji da ruwan saman da ba su saba da shi ba, suka koyi yaren mutane da kasuwarsu har suka zama 'yan gari. Da koyo akan iya, in ji masu magana. Saboda haka iyaye, in ɗanku ya bugo waya yana kukan sanyi, bayan addu'a da kuka saba yi masa, ku ba shi labarin Menyoli, ku ce ya nemi 'yan'uwansa biyu ko uku su fita ranar hutu. Allah ya tsare mana su, ya dawo da su lafiya, amin.