Hoton Biki Ba Ya Maimaituwa: Jan Kunne Ga Masu Ɗaukar Hoto Da Masu Ba Su Aiki

Ɗaurin aure da wuya ya wuce minti goma. Waliyyai su yi siga, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, maroƙi ya yi shela, jama'a su rufe ango da gaisuwa, shi ke nan an watse. In mai hoto ya ɗauki waɗannan mintoci amma katinsa ya mutu kafin ya isa gida, babu wanda zai sake tara masa mutane a ƙofar masallaci. Tela in ya ɓata ɗinki yana iya sayen wani yadi ya biya. Mai hoto ba shi da abin biya, sai dai ban haƙuri, kuma uwar amarya ba ta sa ban haƙuri a firem ta rataye a falo.

Shi ya sa nake mamakin yadda matasanmu da suka rungumi sana'ar nan suke kasafta kuɗinsu. Yaro zai yi wata da watanni yana tari har ya mallaki kyamara, sannan ya tsaya wajen mai tebur a bakin titi ya ce a ba shi katin memori mafi sauƙin kuɗi. A cikin kayan aikinsa kaf babu abin da ya kai wannan ɗan kati ƙanƙanta, kuma a cikinsa ne bikin mutane yake kwana.

Katin jabu ya cika kasuwa, da sunan SanDisk ko Lexar a jikinsa, da kwali mai kyau kamar na gaske. Yadda yake cutarwa shi ne abin tsoro. Ana yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa gaya wa kyamara cewa girmansa giga 128 ne, alhali ainihinsa bai fi giga 8 ko 16 ba. Kyamara ta yarda, ta ci gaba da ɗauka, tana nuna maka kowane hoto a allo bayan ka danna, hankalinka kwance. Da zarar an wuce ainihin girman katin, sababbin hotuna ko dai su hau kan na farko su murƙushe su, ko su tafi inda babu komai. Sai dare ya yi ka zauna gaban kwamfuta, ka ga sunayen hotuna a jere, ka buɗe ka tarar fanko. Irin wannan asarar babu manhajar da ke dawo da ita, don tun farko ba a ajiye hoton ba.

Gwajin kuwa kyauta ne. Akwai manhajar H2testw ga masu Windows, da F3 ga masu Mac ko Linux. Aikinsu su cika katin taf da bayanai, sannan su karanta su gani ko abin da suka zuba ya dawo daidai. Yana iya cin awa ɗaya ko fiye, gwargwadon girman katin. Kowane sabon kati ya bi ta nan kafin ya ga biki. Mai ɗaukar bidiyo kuma ya duba alamar V a jikin kati: V30 na nufin ba zai gaza rubuta mega 30 a kowace daƙiƙa ba, haka V60 da V90. Katin da ba shi da gudu shi ne ke sa bidiyo ya tsaya cak a daidai lokacin da amarya take shigowa.

To amma katin gaske ma yana mutuwa, kuma ba ya sallama. Nan ne kyamara mai ramin kati biyu ta fi ƙarfin mai rami ɗaya ga wanda biki ne abincinsa. Canon 5D Mark III ta 2012, da Nikon D750 ta 2014, da Sony A7 III ta 2018, da Canon R6 ta 2020, duk rami biyu gare su. Canon 6D da EOS R kuwa ɗaya ne, duk da kyan hotonsu. Abin takaici, da yawa masu rami biyun sun bar kyamarar a tsarin da sai kati na farko ya cika take komawa na biyu. Wannan ƙarin wuri ne kawai, babu kariya a cikinsa. A shiga saitin a umarce ta ta rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Wanda kuma mai rami ɗaya Allah ya hore masa, kada ya tara kamu da ɗaurin aure da dina a kati guda don yana da girma. Kowane taro da katinsa, in ɗaya ya tafi sauran suna nan.

Ranar da kati ya nuna matsala, ko hannunka ya goge hotuna bisa kuskure, abu na farko shi ne ka tsaya. Kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, kada ka yi masa fomat ko da kwamfuta ta nemi hakan. Gogewa ba ta kwashe hoton nan take, sunansa take cirewa daga jerin abin da ke kati, ta ce wurin ya zama na kowa. Muddin sabon hoto bai hau wurin ba, manhajoji irin su PhotoRec da Recuva sukan iya tono shi. Ka riƙe wannan batu a ranka, za mu sake haɗuwa da shi ta wata fuskar.

Bayan biki kuma sai ajiya. Wani mai hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane aiki, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A ƙasar da wuta kan dawo da ƙarfi ta ƙona caja da abin da ke jikinta, ga ɓarayin shago, ga gobarar kasuwa, wannan kwafi na uku shi ne mai muhimmanci. Rumbun ajiya biyu da ke cikin jaka ɗaya da laftof, rana ɗaya za su tafi. A bar ɗaya a gida, ɗaya a shago. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, ba za ta ɗauki ɗanyen aikin biki ba, amma za ta ɗauki zaɓaɓɓun hotunan da aka gama gyarawa. Kuma kada a wanke kati sai an buɗe kwafi biyu an ga hotunan da ido.

Yawancin masu hotonmu da kyamarar hannu suke farawa, babu laifi. Sai dai kyamara tana da mileji kamar mota. Labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane danni, wato shota, yana da adadin da kamfani ya gwada shi a kai: kusan 150,000 ga 5D Mark III da D750, 200,000 ga A7 III, 100,000 ga 6D. Wata ta wuce haka tana aiki, wata ta gaza kaiwa. Kafin ka biya ka nemi a nuna maka adadin da ta yi. Na Nikon yana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, na Canon galibi sai an jona ta da kwamfuta an duba da manhaja. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka faɗaɗa hoton, duk ƙura ko tabon da ke kan sensa zai bayyana. Ka haska tocila ta cikin lens ka duba ko akwai funfuna mai kama da yanar gizo-gizo. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, don kayan sata ma a hannu ake sayar da su, kuma ranar da mai kaya ya zo da 'yan sanda wanda aka samu da ita shi ke amsa tambaya.

Hunturu abokin gabar sensa ne. In za ka canja lens a cikin ƙura, kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura ciki da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Roba mai hura iska ba ta da tsada. Akwai kuma haɗarin da bai daɗe da shigowa ɗakunan bikinmu ba, fitilar leza da masu kiɗa ke wasa da ita. In haskenta ya shiga lens kai tsaye yana ƙona sensa, ya bar layi ko ɗigo a kowane hoto har abada, musamman lokacin ɗaukar bidiyo ko a kyamara marar madubi, inda sensa ke buɗe. Gyaransa sai sauya sensa gaba ɗaya. Ka roƙi a ɗaga fitilar sama, in an ƙi ka kauce wa layinta. Mai bidiyon da hotonsa ke kyaftawa a ƙarƙashin fitilun hol shi kuma ya duba saitinsa: wutar Nijeriya da Nijar sau 50 take bugawa a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma kyamarar da aka shigo da ita daga can takan zo a tsarin NTSC. A mayar da ita PAL, a ɗauka a firem 25 da shota 1/50 ko 1/100.

Wani abu a gefe, tunda bakina ya buɗe. Gyaran hoton da ke wanke fuskar amarya har kakarta ta kasa gane ta, ni dai ban ɗauke shi gwaninta ba. Gwani shi ne wanda ya fito da baƙar fata da ƙyallinta, ya kuma bar aikin da ke jikin farar shaddar ango yana ganuwa, bai ƙone ya zama fari fat ba. Ɗauka a RAW na taimakawa sosai a nan.

Mu zo kan kuɗi. Matashi kan lissafa kuɗin mota da abinci da na yaron da ya riƙe masa fitila, abin da ya rage ya kira shi riba. Ya manta kyamarar tana cinyewa. In kana danna 2,000 a kowane biki, kyamara mai 150,000 biki 75 ke gabanta, in sabuwa ce ke nan. Wanda bai ware wani abu daga kowane aiki don ranar sauya ta ba, jarinsa yake ci da cokali yana zaton samu ne. Ga batir, ga kati, ga data, ga darare uku na zaman gyara da babu wanda ke gani. Masu karya farashi don su ƙwace aiki kansu suke fara yi wa illa, araha kuwa ba ta ado.

Kafin alƙalami wajibi ne, don ranar da ka ba wani ka hana wa wani. Kuma a rubuta yarjejeniya, ko da a saƙon WhatsApp ne wanda kowa ya amsa da amincewa: taro nawa, awa nawa, hoto nawa za a gyara, da albam ko babu, ranar da za a kawo, da ranar cika kuɗi. Da 'yan'uwa ma a rubuta, don rigimar da ta fi ɗaci a sana'ar nan ita ce ta "ai ɗanmu ne". Kada ka saki aiki don an nuna maka alat a waya, buɗe asusunka ka gani da idonka. Kai ma kuma ka cika naka alƙawarin. Mai hoton da ya karɓi kuɗi ya riƙe hotuna har amarya ta haihu ya zubar da mutuncin 'yan sana'ar gaba ɗaya. In za ka tura hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don hanyar da aka saba tana matse shi ta rage masa kyau, in aka je wankewa ya fito dishi-dishi.

Saura batun da ya fi duk waɗannan nauyi a wurinmu. Mai hoto yana shiga inda sauran maza ba sa shiga. A wajen kamu da sa lalle da yinin biki mata suna cikin 'yan'uwansu, mayafi ya zame, ana rawa ana raha, matan aure ne da 'yan mata. Sun saki jiki ne don sun ɗauka abin zai tsaya a albam na gida. Kwana biyu sai ga bidiyon a Instagram ko TikTok da tambarin mai hoto, yana neman kasuwa da shi. Amarya wataƙila ta yarda, amma ƙawarta da ke rawa a bayanta wa ya tambaye ta? Abin da ya hau intanet zarar bunu ne, ko ka goge wani ya riga ya sauke.

Doka ma ta yi magana. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a wallafa shi ko a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya saɓanin haka. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hoton da ake gane mutum a cikinsa ke shiga ƙarƙashinta. Don haka iyayen biki su daina jin nauyin tambaya. Ku tambayi mai hoto kati nawa kyamararsa ke rubutawa, ina yake ajiya, wa ke taɓa kwamfutarsa, kuma ku faɗa a rubuce ko kun yarda a sa hotonku a shafinsa ko ba ku yarda ba. Gidan da ya fi son mace ta ɗauki taron mata ya nema, yanzu akwai su kuma sun iya.

Sau da yawa ma ba mai hoton ne ke fitar da hoto ba. Yaron shago ne da ya tura wa kansa, ko mai gyaran laftof da aka bar wa na'ura a buɗe, ko wanda ya sayi tsohon kati. Ka tuna PhotoRec da ta cece ka ɗazu? Ita ce dai za ta tono wa baƙo hotunan matan mutane daga katin da ka yi wa fomat ka sayar ko ka ba da aro. Littafin da ke zuwa da kyamarorin Canon ya yi wannan gargaɗi ƙarara, cewa fomat na yau da kullum bai share ainihin abin da ke kati ba. Sa wa laftof ɗinka lambar sirri, kwashe aikin mutane kafin ka kai ta gyara, kada ka ba da aron katin da ya taɓa shiga cikin gida. Katin da ya tsufa kuma kada ya je kasuwa, sa filaya ka karya shi biyu kafin ka jefar.