Abin Da Baƙunta Ke Koya Wa Matashi

Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai ƙauyukan Ɗan Isa da Kaura Namoda da Zurmi su fara rage samari. Wannan ya nufi Legas, wancan Ibadan, wani kuma ya tsallake iyaka zuwa Maraɗi ko Agadas ko Akara, mai dogon buri ya ce sai Libiya ko Saudiyya. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san samari biyu za su fita rana ɗaya, ɗaya ya dawo da hankali da sana'a, ɗayan ya dawo da sabuwar waya da raina mutane. To, me ya raba su?

Fita neman arziki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1929 layin dogo ya iso Kaura Namoda, nan ya tsaya, kuma jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ya riƙa kwasar 'yan ci-rani zuwa kudu. Kafin jirgi kuwa akwai fatake, masu kora jakuna watanni zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, su ɗauko goro. Abin lura a nan shi ne, yaro ba ya shiga wannan hanya shi kaɗai. Ayari yana da madugu, wanda ya san rijiyoyi da sarakunan hanya da inda 'yan fashi ke tarewa. In an sauka zango akwai mai masauki, shi zai ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Saurayi yakan fara da ɗaurin kaya da kiwon jakuna, ana kallon amanarsa, kafin a danƙa masa jari. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Akara a yau, a kan wannan tsari suka ginu. Makaranta ce sosai, ko da yake babu allo.

Darasin farko da baƙunta ke koyarwa mai ɗaci ne: a can babu wanda ya san ubanka. A gida, ko ka yi ba daidai ba, za a ce ɗan Malam wane ne, a rufa maka asiri. A tashar mota ta Kwatano kuwa, darajarka ita ce cika alkawarinka, ba wani abu ba. Nan ne yaro zai gane cewa ruwan wanka ma saye ake yi, kuma tuwon da yake turo wa baki a ɗakin tsohuwarsa, ashe gumin wani ne. Zai koyi raba kuɗinsa uku, na ci, na ajiya, na aike gida. Zai koyi wanki da girki ba tare da jin kunya ba. Dole ta sa harshensa ya karye, ya tsinci Faransanci ko Larabci ko Turancin kasuwa. Mafi girma, a ganina, shi ne ya fara hango garinsu daga nesa. Sai ya ga wasu mutane suna noman rani da famfo mai aiki da hasken rana, ya tuna fadamarsu da ke kwance rabin shekara. Sai kuma ya zauna garin da maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, ya san ashe zumuncin da yake ɗauka nauyi ne, dukiya ce.

Malamai ma da hanya suka girma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana saurayi ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman karatu, daga baya ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, ya tafi kwalejin Bakht er-Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Dukansu sun san abin da suka je nema, sun san wurin wanda za su sauka.

Kada dai a haɗa wannan da halin mutanen da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Dubban da suka tsallaka jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 ba yawon buɗe ido suka je ba, kuma rashin tausayi ne a ce musu wahala makaranta ce.

Inda gizo ke saƙar a yau shi ne, madugu ya ɓace, ejan ya maye gurbinsa. Madugu tare da kai yake tafiya, in ƙishirwa ta kama ka shi ma ta kama shi. Ejan kuwa yana karɓar kuɗinsa ya kashe waya. Tun da aka gano zinare a Jado da ke arewacin Nijar a 2014, samari da yawa suka bi sahara da zancen baki kawai. Wasu an kai su Saudiyya da bizar Umara, suka maƙale babu iƙama, kullum cikin ɓuya. Wanda ke gudun 'yan sanda dare da rana ba ya koyon komai sai tsoro.

Ko mai takarda ma ya kamata ya san ƙasar wani ba ta da tabbas. A 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardar zama daga Gana, har da Hausawan da suka yi shekaru a can. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, karatu ya tsaya cak. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba biza, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka sai an bincika abin da ake nema a kan iyaka kafin a hau mota.

Saboda haka in yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina son in taɓa fita," addu'a da guzuri kaɗai ba su wadatar ba, hani da tsawa kuma ba ya hanawa, sai dai ya sa a gudu da dare. A zauna da shi a tambaye shi wa zai sauka wurinsa, kuma wane dattijo a garin nan ya san mutumin. Wace sana'a ko wane karatu zai kama? Fasfonsa a hannun wa zai zauna? In abin ya ƙi, ina kuɗin motar dawowa? A kuma yanka masa lokaci, ko zuwa faɗuwar damina ko bayan shekara biyu, ya zo a ga abin da ya iya da hannunsa.