Zegama: Garin da ya mai da burtalin tumaki fagen tsere

A arewacin ƙasar Sifaniya, cikin yankin al'ummar Bask, akwai wani ɗan gari mai suna Zegama wanda mazaunansa kimanin mutum 1,500 ne, wato bai kai yawan ɗaliban wata tsangaya guda a jami'o'inmu ba. Amma duk shekara, galibi cikin watan Mayu, dubban mutane daga sassan duniya kan yi tururuwa zuwa can domin kallon wata tsere ta kilomita 42 da ake yi a ƙafa, a kan turbobin da suka ratsa kurmi suka haye duwatsun da ke kewaye da garin. Sunan tseren Zegama-Aizkorri, kuma mutanen garin ne da kansu suka ƙirƙiro ta a shekarar 2002, a lokacin da suke neman abin da zai farfaɗo da garinsu.

Ya kamata mai karatu ya bambance wannan gudu da gudun fanfalaki da aka saba gani a kan kwalta. Tsawon ɗaya ne, amma a nan mai gudu zai yi hawan da jimillarsa ta haura mita 2,700, sannan ya sauko kwatankwacin haka. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya gama kilomita 42 a titunan Shikago cikin awa 2 da daƙiƙa 35. A Zegama kuwa, Kilian Jornet, wanda ya lashe tseren sau 11 tsakanin 2007 da 2024, sai da ya shafe awa 3 da minti 36 da daƙiƙa 40 a 2022, kuma a wannan rana tarihi ya kafa. Tazarar da ke tsakanin lokutan nan biyu ita ce harajin da dutse yake karɓa.

Daga dandalin gari turbar kan shiga kurmin wata bishiya mai santsin ɓawo da Baskawa ke kira pago. Yanki ne mai yawan ruwan sama da hazo, don haka ƙasan kurmin laka ce da ruɓaɓɓen ganye, kuma akwai shekarun da masu gudu kan iso ƙarshe ba a iya gane launin rigunansu. Daga nan a hau dutsen Aratz, a gangaro zuwa San Adrian, wani kogo da ruwa ya huda a jikin dutse har ya zama ƙofa. Shekaru aru-aru fatake da masu ziyarar ibada zuwa Santiago suna bi ta cikinsa, a kan daɓen duwatsu wanda har yau ana ganin sauransa, kuma akwai ɗan ɗakin ibada a cikin kogon. Bayan an fito sai hawan Sancti Spiritu, inda 'yan kallo kan yi dafifi hagu da dama har hanyar ta koma kamar lungu, suna kaɗa ƙararrawar dabbobi suna kururuwa. Can sama kuma babu inuwa, sai tsiraicin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a yi siminti, mai kaifi idan ya bushe, mai santsi idan ya jiƙe. Kafin a koma gida ana ratsa makiyayar Urbia, wurin da makiyaya ke kai tumakinsu lokacin zafi, waɗanda da nononsu ake yin cukun nan mai suna Idiazabal. Ke nan yawancin hanyar ba sabuwa ba ce. Burtali ne da turbar masu itace da ta matafiya, aka jona su wuri guda.

Abin da ya ja hankalina ga wannan wuri tun asali harshe ne, domin shi ne sana'ata. Harshen Baskawa, wanda suke kira Euskara, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya da masana suka tabbatar a cikin harsunan da ake magana da su a yau. Yana nan tun kafin Latin ta iso yankin. Sunayen da ke kan turbar duk suna da ma'ana a cikinsa: aitz dutse ne, gorri ja ne ko kuma tsirara, don haka Aizkorri tamkar a ce Jan Dutse ne, ko dutse marar sutura. Ƙololuwar da ta fi tsawo, mai mita 1,551, sunanta Aitxuri, wato Farin Dutse, suna ne da Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba. Wanda ya yi nasara kuwa baƙar hularsu ta gargajiya ake ɗora masa, txapela, a kira shi txapeldun. Wannan ɗafa-ƙeya ta -dun aikin "mai" take yi a Hausa, don haka zakara a wurinsu "mai hula" ne, kamar yadda sarauta a wurinmu ba ta tabbata sai da rawani. Da wannan ƙa'ida ce kuma suke kiran kansu euskaldun, mai Euskara. Mutum na zama ɗan gida ne da harshen da ke bakinsa.

Wannan harshe ya sha wuya. A zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga makarantun gwamnati da ofisoshi. A 1968, a Arantzazu da ke gindin waɗannan duwatsu da ake gudu a kai, hukumar kula da harshen ta zauna ta aza harsashin daidaitacciyar Euskara bisa shawarwarin masanin harshe Koldo Mitxelena. Yau ga ɗan Japan da ɗan Amurka da ɗan Maroko suna karya harshe wajen furta Aizkorri, suna haddace sunayen tsaunuka ɗaya bayan ɗaya domin su san inda za su tanadi ƙarfinsu. A ganina, wannan hidima ce ga harshe wadda taron ƙara wa juna sani goma ba zai yi ba, ko da yake mu malaman jami'a ba mu cika son jin haka ba.

To, amma farin jini yana da nasa tsada. Duwatsun suna cikin gandun Aizkorri-Aratz da aka keɓe a 2006, kuma ƙafa ɗaruruwa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na faɗaɗa turba, ta tone saiwa, ta buɗe wa ruwa hanyar zaizaya. Masu shirya tseren sun tsaya a kan masu gudu kimanin 500, alhali masu nema a 'yan shekarun nan sun haura 10,000, sai an yi ƙuri'a a kan wani kaso na guraben. Duk ɗan kasuwa zai ce wannan asara ce, tunda ga masu kuɗi a hannu ana mai da su gida. Ni kuwa ina ganin nan ne hikimar take, domin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai dai ƙayyade masu gudu bai ƙayyade 'yan kallo ba, su ma kuma ƙafa gare su, suna tattake ciyawar da tumaki ke jira. Bugu da ƙari, tun da aka fara gasar Golden Trail ta kamfanin Salomon a 2018 tseren ta shiga cikinta, kyamarori da tallace-tallace suka ƙaru, matsin a faɗaɗa shi ma ba zai ragu ba.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa gwada irin wannan. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, Jihar Kuros Riba ta fara tseren hawan tsaunin Obudu, mai kimanin kilomita 11, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, kuɗin da ya jawo zaratan Habasha da Kenya da na Turai. Daga sama abin ya zo, da aljihun gwamnati, kuma da hankalin gwamnati ya koma wani wuri sai labarinsa ya yi sanyi. A Zegama, 'yan sa-kai na gari da ƙauyukan kewaye ne ke alamta hanya, su ɗauki ruwa zuwa kan dutse, su kwashe shara bayan an watse. Annobar korona ta hana tseren a 2020 da 2021, amma a 2022 ta dawo, har Nienke Brinkman 'yar ƙasar Holan ta kafa tarihi a ɓangaren mata a rana ɗaya da Jornet. A 2025 kuma baƙar hular a kan ɗan Afirka ta sauka, Elhousine Elazzaoui na Maroko.