Wa Zai Yi Wa Gida Kuɗi A Karu, Gwani Ko Na'ura?

A da in mutum yana so ya san abin da gidansa zai yi a kasuwa, dillali yake nema, ko kuwa ya tuntuɓi maƙwabcin da ya sayar da nasa bara. Yau a Karu, garin nan da ke bakin hanyar Abuja zuwa Keffi, ɗan mai gida ne zai ɗauko waya ya buɗe PropertyPro ko Nigeria Property Centre, ya ga abin da ake nema a kan gida mai ɗaki uku a Jikwoyi ko Nyanya, nan take ya yanke wa gidan ubansa kuɗi. Ba a karɓe shi ko kwabo ba. To, amma in magada suka zauna rabon gado da wannan adadi a bakinsu, ko mai gida ya nufi banki da shi neman rance, sai a ga inda gizo ke saƙar.

Kuɗin da ake gani a waya kuɗin sallama ne da mai kaya ke fata, ba wanda aka taya aka biya ba. Dillali kan ɗora nasa a kai, wani lokaci ma dillalai uku ne ke tallar gida guda, kowa da farashinsa. Ainihin abin da aka biya kuwa yakan tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa da shaidunsu, har akwai masu rage shi a takarda don gudun haraji.

A Amurka, inda abin ya samo asali, ba haka yake ba. A jihohi da yawa ana rubuta cinikin gida a ofishin hukuma, kowa na iya dubawa. Da irin waɗannan bayanai ne kamfanin Zillow ya fito da ƙiyasinsa na kyauta mai suna Zestimate cikin 2006. Cikin 2017 waɗansu masu gidaje a Jihar Illinois suka kai ƙara, suna cewa kamfanin yana aikin masu kimanta gida ba da lasin ba, yana kuma karya musu daraja. Kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cikin 2019, bisa hujjar cewa ƙiyasin ra'ayi ne kawai. Abin mamaki, da kamfanin ya shiga sayen gidaje da kansa bisa lissafin na'ura, sai ya tafka hasara, ya rufe wannan sashe cikin Nuwamba 2021, ya sallami wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Cikin 2024 hukumomin kuɗi na ƙasar suka kafa ƙa'idodi a kan irin waɗannan na'urori, amma masu ba da rancen gida ƙa'idodin suka shafa.

A Nijeriya doka ta daɗe da faɗin wanda zai yi wannan aiki. Dokar Soja mai lamba 24 ta 1975 ita ta kafa hukumar rajistar masu kimanta filaye da gidaje, watau ESVARBON, ta kuma hana wanda ba ta yi wa rajista ba ya kira kansa gwanin wannan sana'a. Gwani yakan je da ƙafarsa ya ga ginin, ya auna, ya binciki takardu, sa'an nan ya sa hannu ya buga hatimi. In ya yi ha'inci akwai inda za a kai shi, a soke sunansa. Dokar dai da ɗan Adam take magana, domin an rubuta ta tun babu wanda ya yi mafarkin intanet. Na'ura ba ta da suna a rajista balle a soke shi.

Karu kuwa tana da nata ƙulli wanda babu lissafin da zai kwance shi daga nesa. Da farko, Karu biyu ce: akwai ta cikin Birnin Tarayya, ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, akwai kuma Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, inda Mararraba da Masaka suke. Mota ɗaya ke ratsa su cikin 'yan mintoci in hanya ba ta cushe ba, abin da ba kasafai ake samu ba, amma hukumarsu daban, ofishin filayensu daban. A ɓangaren Abuja, Doka mai lamba 6 ta 1976 ta danƙa dukan ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, Ministan Birnin Tarayya ne ke ba da fili, ofishin AGIS da aka kafa cikin 2003 ke riƙe da rajista. A ɗaya ɓangaren Gwamna ne ke riƙe da ƙasa bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, rajista kuma tana hannun NAGIS.

Saboda haka sai a tarar da gidaje biyu katanga ɗaya, bulo iri ɗaya, rufi iri ɗaya. Wannan yana da takardar shaidar mallaka ta Minista, wancan kuwa takardar ƙaramar hukuma gare shi, ko yarjejeniyar da aka rubuta da wani mai gona Bagwari a gaban mai unguwa. A hoto ba a bambanta su. A kasuwa tazararsu tana da nisa ƙwarai, domin mazauna Abuja ba su manta da rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ba, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake Minista. Ko mai cikakkiyar takarda ma, in hukuma ta karɓi wurin don aikin jama'a, Dokar 1978 ta ce diyyar gini da shuke-shuke za a biya shi, ba kuɗin ƙasa ba.

Mai asara a nan galibi shi ne wanda ba ya da ƙarfin ɗaukar gwani. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, in 'yan'uwa suka ce za su saye rabonta, wanda ya fi iya latsa waya shi zai kawo farashin da ya yi masa daɗi, ya nuna mata a rubuce, ita kuwa ta ɗauka abin da aka rubuta hukunci ne. Banki ba ya karɓar wannan. Kafin ya riƙe gida jingina sai ya ga rahoto mai hatimin gwani, ya kuma aika a bincika fayil ɗin filin a AGIS.