Biranen Taurari: Yadda Aka Gina Su da Yadda Suke Girma

Galaksi wani makeken taro ne na taurari da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin jan juna ya ɗaure wuri guda suna zagaya cibiya ɗaya. Rana da duniyoyin da ke kewaye da ita suna cikin ɗaya daga cikin waɗannan biranen taurari, wanda Turawa suka raɗa wa suna Hanyar Madara. A daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari, ana ganinsa kamar farin hayaƙi da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. A 1610 Galileo ya saita madubin hangen nesansa kan wannan hayaƙi, sai ya tarar taurari ne birjik, nisa ne ya hana ido rarrabe su.

Kilomita ta yi kaɗan wajen auna irin wannan nisa, shi ya sa masana ke awo da tafiyar haske. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma kafin ya ƙetare Hanyar Madara sai ya yi shekara kimanin 100,000. A cikinta akwai taurari aƙalla biliyan 100.

Yadda aka gane akwai wasu

Tun a shekara ta 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, mutumin Farisa, ya ambaci wani ɗan ƙaramin gajimare da ya gani a tsakanin taurari. Wannan shi ne galaksin Andromeda. Sai dai har zuwa 1920 masana na gardama: irin waɗannan gizagizai a cikin Hanyar Madara suke, ko birane ne masu zaman kansu? Makullin amsar ya fito ne daga aikin Henrietta Leavitt, wadda ta gano cewa akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma gwargwadon tsawon lokacin da suke ɗauka, gwargwadon ainihin ƙarfin haskensu. Wanda ya san ƙarfin fitila, ya kuma ga yadda ta dusashe, zai iya lissafa nisanta. A 1923 Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a Andromeda da madubin Dutsen Wilson da ke Kalifoniya, lissafi ya nuna yana can nesa da iyakar Hanyar Madara. Awon yau ya sa nisan a shekarar haske miliyan 2.5, wato tafiyar da haske zai yi cikin shekara miliyan 2.5.

Siffa da gini

A 1926 Hubble ya kasa galaksi bisa siffa. Akwai masu kama da faifai, shimfiɗaɗɗu, da hannuwa masu nannaɗewa daga tsakiya kamar yadda ake ɗinka faifan kaba. Akwai masu siffar ƙwai, cike da tsofaffin taurari jajaye, gas ɗinsu ya kusa ƙarewa. Akwai kuma marasa tsayayyiyar siffa.

Hanyar Madara cikin masu faifai take. Tsakiyarta a kumbure take da tsofaffin taurari, an gitta mata wata doguwar sanda ta taurari, hannuwan kuma su ne matattarar gas da ƙura inda ake haifar sababbin taurari masu shuɗin haske. Rana tana nesa da cibiya da shekarar haske kimanin 26,000, kuma zagaye ɗaya kan ɗauke ta wajen shekara miliyan 230. A ƙuryar cibiyar akwai baƙin rami, wurin da ƙarfin ja ya kai ko haske ba ya kuɓuta, mai nauyin rana miliyan 4. Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun shafe shekaru suna bin sawun taurarin da ke kewaya shi, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2020.

Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne daga ginin. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford sun auna gudun taurarin da ke bakin faifan galaksi daban-daban, suka tarar suna gudu kusan daidai da na ciki. Da nauyin abin da ake gani ne kaɗai ke riƙe su, da tuni sun fantsama, kamar dutsen da ya kuɓuce daga majajjawa. Ke nan akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi, wanda ba ya fitar da haske, da ya lulluɓe kusan kowane galaksi. Shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na duk wani abu mai nauyi a sararin samaniya.

Girma da tsufa

Tunda haske na ɗaukar lokaci a hanya, duba nesa duba baya ne. A 1995 madubin Hubble da ke sararin samaniya ya ƙura wa wani ɗan ɗigon sama ido har kwana goma, sai ga galaksi kusan 3,000, mafi nisansu ƙanana ne marasa tsari. Daga irin wannan shaida aka fahimci tarihin. Sararin samaniya ya fara buɗewa shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Ɓoyayyen abun nan ya fara dunƙulewa, gas ya kwarara cikin dunƙulen ya yi sanyi, taurarin farko suka kunnu. Daga nan ƙananan galaksi suka riƙa haɗewa, babba na haɗiye ƙarami. Haihuwar taurari ta kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, tun daga lokacin take ja da baya. Idan manyan faifai biyu suka gwabza, tsarinsu kan wargaje, gas ya ƙare cikin gaggawa wajen haifar taurari, a ƙarshe a sami mai siffar ƙwai.

Ita ma Hanyar Madara da haɗiya ta girma. Kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya auna motsin taurari fiye da biliyan ɗaya, kuma a 2018 aka gano wasu da ke tafiya daban da sauran, ragowar wani galaksi da aka haɗiye kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Yanzu haka Hanyar Madara tana yayyaga wani ƙarami mai suna Sagittarius. Andromeda kuwa na matsowa da gudun kilomita 110 a daƙiƙa, kuma wani lissafi na 2025 ya nuna yiwuwar haɗuwarsu cikin shekara biliyan 10 masu zuwa rabi da rabi ce.

Babban fagen bincike a yau shi ne farkon labarin. Madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya hango galaksi da suka wanzu tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba, kuma haskensu ya zarce abin da aka yi tsammani. Wannan ya sa masana sake duba lissafinsu kan saurin da taurarin farko da baƙaƙen ramuka suka yi wajen kafuwa, domin a kan wannan tubali aka ɗora ginin kowane birnin taurari da ake gani a yau.