Farautar Akwati a Mazaunin Namun Daji

Ranar 3 ga Mayu, 2000, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti, ya zuba littafi da fensir da kaset-kaset na bidiyo da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya kai jeji kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, ya ɓoye. Sai ya sanar da lambobin GPS na wurin, ya ce duk wanda ya gano ya ɗauki wani abu, ya bar wani. Kwana guda kafin nan gwamnatin Bill Clinton ta daina jirkita saƙon GPS da gangan, kuskuren na'urar farar hula ya sauko daga kusan mita 100 zuwa wajen mita 10. Daga bokitin nan aka samu wasan da ake kira geocaching. A watan Satumba na shekarar wani mai suna Jeremy Irish ya tattara jerin ɓoyayyun akwatuna 75 cikin kundi ɗaya. Yau sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Yawancinsu suna cikin gari, a gindin benci ko bayan allon hanya. Waɗanda suka ɗauki hankalina su ne na can ƙuryar duwatsu. Kowane akwati ana ba shi maki daga 1 zuwa 5 kan wuyar gano shi, da wani makin kan wuyar hanyarsa. Mai 5 a wuyar hanya sai da kayan aiki irin su igiya ko kwale-kwale. Mai 4 kuwa yana iya zama yini guda na hawa, da jaka a baya, gwiwa na rawa, ƙarshenta ka tarar da tsohon akwatin harsashi na soja da ɗan littafin da mutum biyu ko uku suka sa wa hannu a shekara. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ina ganin girman masu wannan juriya.

Inda gizo ke saƙa shi ne mita ɗarin ƙarshe. Na'ura miƙaƙƙen layi take aunawa, ba ta san kwazazzabo ko gangaren tsakuwa ba. A cikin kwari ko ƙarƙashin dogayen itatuwa, saƙon taurarin ɗan'adam da ke tafiya a nisan kilomita 20,200 yana dukan bangon dutse kafin ya iso, sai kibiyar allo ta yi ta wawwaigawa. Nan mai nema yake barin turba, ido a kan allo, hannu yana laluben kogo da gindin kututture. A daidai lokacin da ya fi bukatar ido da kunne, ya miƙa su ga na'ura. Ga shi kuma wurin da masu shi, wato namun daji.

Dubi duwatsun Olympic a jihar Washington. An kai awakin dutse can a shekarun 1920, ƙasar kuwa ba ta da wadataccen gishirin lasa. Awakin suka gano cewa akwai gishiri a gumin mutum da fitsarinsa, suka daina tsoro, suka koma bin matafiya. A watan Oktoba na 2010 wani bunsuru ya soke wani dattijo mai yawon ƙafa a tudun Klahhane, ya mutu. A 2012 aka rufe hanyar hawa dutsen Ellinor na watanni saboda awakin da ke tare mutane. Daga 2018 hukumomi suka shiga kwashe su da jirgi mai saukar ungulu, an ɗaure musu ido, har aka mayar da fiye da 300 duwatsun Cascades na arewa. Ba mafarautan akwati ne suka jawo wannan su kaɗai ba, sawun dukkan matafiya ne. Sai dai labarin ya nuna yadda ɗan abin da muka bari a baya ke sauya halin dabba, kuma ita ke biyan bashin.

Shi ya sa ƙa'idar wasan ta hana sa abinci a akwati, ta kuma ja kunne kan duk abu mai ƙamshi, domin hancin beyar ya fi na kare nisa, kuma wadda ta saba samun abinci a kayan mutane sau da yawa harbi ne ƙarshenta. An hana haƙa rami. An ce a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. A gandun Yellowstone doka ce mutum ya tsaya mita 91 daga beyar da kerkeci. Ina goyon bayan wannan tsanani ɗari bisa ɗari, domin ko sawu kaɗai ya isa ɓarna: ciyawar saman dutse 'yan makonni take samu ta yi girma a shekara, mutum ashirin suka bi ta kanta zuwa akwati ɗaya sai turba ta fito, ruwan sama ya mayar da ita zaizaya.

Manyan gandayen ƙasa na Amurka galibi ba sa yarda a ajiye akwati sai da izini. Tun 2004, tare da ƙungiyar masana ilimin ƙasa ta Amurka, aka ɓullo da wani nau'i mai suna EarthCache wanda babu akwati a cikinsa sam. Lambobin suna kai ka gaban wani tsagin dutse ko kwarin da ƙanƙara ta sassaƙa, a tambaye ka launinsa, ko kaurinsa, ko ta wace fuska ƙanƙarar ta bi. Sai ka ɗaga kai daga allo, ka duba da idonka, ka rubuta amsa.